A ina zan samo zanen gidanmu na gado?

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani. Mahaifinmu ya rasu bara bayan babbar sallah, ya bar mana gida a cikin birnin Kano, ɓangaren Gwale. Gidan gini biyu ne a haɗe. Daga gaba ginin ƙasa ne na kakanmu, zaure da soro na biyu da shigifa, duk rufin azara. Daga ciki kuma Baba ya rushe ɗakunan ƙasa ya yi na bulo tun muna ƙanana, daga nan ya riƙa ƙari a hankali, bana ɗaki, baɗi kicin, har tsakar gidan ta tsuke. Mu goma ne 'ya'yansa, maza huɗu mata shida, ga iyayenmu mata biyu, ga Gwaggo ƙanwarsa da ke da ɗakinta tun asali. Mu mazan mun yi shawarar maimakon a sayar, a ɗora bene a ɓangaren bulo kowa ya samu matsuguni. Wanda muka kira ya duba ya ce sai mun kawo masa zanen gidan. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin zanen gidanmu da idona ba. Akwai ma'aikatar da ke ajiye irin wannan? In babu, yaya ake yi?

Ɗan Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin ka je kowace ma'aikata ka fara da ɗakinsa. Iyayenmu ba sa yar da takarda. Mu namu a ƙarƙashin gado muka same shi, cikin akwatin ƙarfe, tare da rasiɗan haraji da takardar cinikin fili. Tambarin jihar Kaduna ne ma a jiki, don an buga shi kafin a cire Katsina a 1987. Takarda ce babba mai shuɗi-shuɗi, a ninke. Wani lokacin layukan sun koɗe har ka ɗauka babu komai a jiki, to kada ka yar.

Oga Birkila:
Allah ya gafarta masa. Alhaji kada a wahalar da kai. Shekarata ashirin da bakwai ina gini, gidajen cikin birni da na yi aiki a ciki ba su ƙirguwa, ko sau ɗaya ba a miƙo min takarda ba. Mai gida ne zai tsaya ya ce ɗaki daga nan zuwa nan, a ja igiya, a zuba toka, a fara haƙa. Zanen da kake nema a kan Baba yake, ya tafi da abinsa. Ka samu birkila mai ido ya zo ya duba maka kawai.

Baba Safiyo:
Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Na yi aikin awon ƙasa har na yi ritaya, kuma tambayarka ita ce wadda aka fi yi min a masallacin unguwa. Abin da ke rikita mutane shi ne takardu uku ne daban-daban, amma duk ana ce musu "fulan".

Akwai taswirar fili, wadda irinmu ke yi. Ita iyaka take nunawa: tsawon kowane gefe, duwatsun da aka kafa a kusurwa, hanya, da maƙwabta. Ba za ka ga ɗaki ko ɗaya a cikinta ba. Idan gidanku yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, za ka ga wannan taswirar a manne da ita, kuma akwai lambar fayil a sama. Da wannan lambar ake neman fayil a ma'aikatar ƙasa ko a KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta jihar Kano.

Zanen gini kuwa, mai nuna ɗakuna da ƙofofi da tagogi, hukumar tsara birni ake kai wa ta buga tambari kafin a fara aiki. A Kano KNUPDA ce, wadda a da ake kira KASEPPA. A Kaduna KASUPDA. Idan mahaifinku ya nemi izini lokacin da ya yi ɓangaren bulo, an bar kwafi a fayil, shi ma an ba shi nasa. Idan bai nema ba, babu abin da za ka tarar, domin hukuma ba ta bin gidaje tana zana su da kanta. Abin da aka kai mata shi take ajiyewa. In za ka je, ka tafi da cikakken sunan marigayi kamar yadda yake rubutawa, da shekarar da kuke zaton an yi ginin, da shaidar cewa kai magaji ne.

Sai na uku, wanda nake ganin shi ne ainihin buƙatarka, wato zanen gidan yadda yake tsaye a yau. Wannan ba nemo shi ake yi ba, yin sa ake yi, da tef da fensir.

Ɓangaren kakanku kuma kada ka ɓata takalminka. Lokacin da aka yi shi shaidar mai unguwa da dattawan layi ita ce takarda.

Abban Sadiya:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganarka ta ɗan tayar min da hankali. Mu fa ban san muna da takardar gwamnati ba. Abin da na sani akwai wata ta ajami da kakanmu ya bari, da wata ta boko mai sa hannun mai unguwa lokacin da Baba ya biya 'yan uwansa maza kasonsu. Kenan gidan bai tabbata namu ba?

Baba Safiyo:
Kwantar da hankalinka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasar jiha hannun gwamna a matsayin amana, amma ita kanta ta ce wanda ke riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin zuwanta yana nan a kan haƙƙinsa. Waɗannan takardu biyu ku riƙe su da kyau, ku ɗauki hotonsu yau ɗin nan. Da su za ku nemi ta gwamnati in kun tashi. Kuma za ku tashi, domin wanda zai nemi izinin bene sai an tambaye shi shaidar fili.

Wasu wurare biyu da na manta. In mahaifinku ya taɓa cin bashin gina gida a banki ko a wurin aikinsa, da wuya a ba shi ba tare da ya miƙa zane ba, to a can ma ana dacewa. Su kuma masu gidajen rukuni, irin na Kundila ko gidajen Shagari, nasu da sauƙi: zubi ɗaya ne, in maƙwabci yana da zanensa ka samu naka na asali.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam. Ni zanen gini ne sana'ata, kuma irin wannan aikin na auna tsohon gida ina yin sa sosai. Abin da Baba Safiyo ya faɗa haka yake. Ko ka samu tsohon zanen, sai an sake awo, tunda kai da bakinka ka ce an yi ta ƙari.

Ga yadda muke yi, don ko wani ka ɗauka ka san ko aikin kirki yake maka. Kafin a taɓa tef, ana zagaya gidan a zana kamanninsa da hannu a takarda, kowane ɗaki a ba shi sunan da mutanen gidan ke kiransa, ɗakin Inna, ɗakin samari, sito. Sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya. Bango huɗu duk sai an auna, ba biyu ba. Daga nan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sau biyu, a gicciye. Wannan awon na gicciye shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ran aikin. Ɗakin da ke da mita uku da mita huɗu, in kusurwoyinsa daidai suke, gicciyensa mita biyar ne cif. A cikin birni sau da yawa za ka ga biyar da kwata a gefe ɗaya, huɗu da wani abu a ɗayan, domin gini ya bi lungu ne, lungu kuma bai bi igiya ba. Wanda bai auna gicciye ba zai koma kwamfuta ya zana maka ɗakuna masu kyau da ba su wanzu ba.

Kaurin bango a bakin ƙofa ko taga ake ganinsa. Bulo mai inci tara da filasta yana kaiwa wajen santimita 25, mai inci shida bai kai 20 ba. Na ƙasa kuwa gindinsa ya fi samansa kauri, sai an auna a ƙasa an auna a sama. A auna tsayin ɗaki daga daɓe zuwa rufi. A lura da inda ake hawa da inda ake sauka, domin tsofaffin gidajen birni da yawa titi ya fi su tudu yanzu, kuma wannan shi ke nuna inda ruwan sama zai bi. A sa alamar gabas, a sa rijiya, masai, sokawe, kwata, indararo, da wurin mita. A ƙarshe a auna tsawon gidan gaba ɗaya, a tara ɗakuna da bangaye a gani ko sun yi daidai da shi. In ba su yi ba, akwai kuskure, ko akwai wani lungu da aka toshe aka manta.

Ana fitar da shi a ma'aunin 1:100, wato kowace santimita a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Wanda za a kai hukuma sai da hatimin mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya.

Matashin Zaure:
Anti, ai akwai manhajar waya da ke yin duk wannan. Ka ɗaga waya ka juya a ɗaki ta zana maka. Google Earth ma yana nuna gida daga sama.

Maman Ilham:
Ƙanena, na gwada su. A falo mai fili da bango miƙaƙƙe suna ƙoƙari. Ka shiga ɗakin tsohuwa mai gado da kabet da jeren kwanuka har rufi ka ga abin da za ta ba ka. Google Earth yana da amfani wajen ganin siffar rufi, kuma yana da tsofaffin hotuna da za ka ja baya ka ga shekarar da wani ƙarin ya bayyana. Amma rufi ba bango ba ne. Za ka iya farawa da su don fira da 'yan uwa, ba don zuba kankare ba.

Oga Birkila:
Hajiya ban ƙi ta taki ba, awo gaskiya ne. Amma ni abin da nake faɗa, takarda ba ta gaya maka abin da ke cikin bango. Na sha ganin zane mai tambari an rubuta fila a kowace kusurwa, mu fasa mu ga bulo ne zalla, ko rodi ɗaya babu. Mai gida ya kai zane don a bar shi ya yi gini, da aka zo aiki kuɗi suka gaza ya ce a rage. Ba mugunta ba ce, hali ne. Wanda ya yi gini a lokacin su Baba don ya zauna da iyalinsa, ba da niyyar bene ba, fandishonsa bai fi zurfin gwiwa ba, wani ma bai kai ba. Ni in na ƙwanƙwasa bango na ji ƙararsa na san ko bulon yana da siminti ko yashi ne aka yi wa wanka.

Injiniya Abu Amir:
Oga, a nan ka faɗi abin da ya fi komai muhimmanci, sai dai ba mu tsaya wuri ɗaya ba. Gaskiya ne zane ba ya nuna abin da ke binne. Amma kunne ma ba ya nunawa. Maganin shi ne a tona a gani.

Malam Abban Sadiya, bayan an gama awo ka kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ba mai zane kaɗai ba. Zai sa a haƙa rami a gindin bango a wuri biyu ko uku, musamman inda ginin wata shekara ya haɗu da na wata, har a kai ƙarshen fandisho. A nan za a ga zurfinsa, faɗinsa, ko an zuba kankare, da irin ƙasar da yake zaune a kai. Za a ɗan fasa filasta a kusurwa a ga ko akwai fila, a duba saman ƙofofi ko linta ce ta gaske. Cikin birni yana da wata matsala tasa: wurare da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, daga baya aka cike da shara da ɓaraguzai aka yi gida a kai. Ginin da ba bene ba zai iya shekara arba'in a kan irin wannan bai motsa ba. Ka ɗora masa dakin, wato rufin kankare, da wani hawa, damina biyu ta isa.

Sau da yawa abin da muke yi shi ne mu bar tsohon bangon ya ɗauki nauyin kansa kawai, mu kafa sababbin filoli masu fandishonsu, su ɗauki benen. To ina za a kafa su, ba a tare ƙofa ba, ba a faɗa sokawe ba, ba a shiga katangar maƙwabci ba? A nan ne zanen da Hajiya ta bayyana yake aiki. Ni ba na iya lissafin rodi a kan gidan da ban san faɗin ɗakunansa ba.

Katangar maƙwabci kuma a kula. A birni bango ɗaya yakan raba gida biyu, kowa yana ganin nasa ne.

Hajiya Babba:
Ni ba ma'abociyar rubutu ba ce a nan, amma wannan ya taɓa ni. Ɗana, ka ji abin da ya same mu. Da za a yi wa ƙanin maigidana aure aka ce a fitar masa da ɗaki da falo a bayan gida. Aka kira wani yaro mai zane, ya zo da rana tsaka, bai yi minti ashirin ba ya tafi, ya kawo takarda mai kyau har da kala. Ba wanda ya tambayi tsohuwar gidan komai, alhali tana zaune a tsakar gida tana kallonsu. Ashe nan wurin tsohuwar shadda ce da aka rufe tun kafin a auro ni. Aka yi gini, aka sa tayil, aka kawo amarya. Cikin watan Agusta da dare ƙasan ɗakin ya lotsa, ƙafar gado ta nutse. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yarinyar nan ta daɗe ba ta iya barci in ana ruwa. Da aka gaya wa tsohuwa cewa ta yi, da kun tambaye ni.

Kun ce kuna da Gwaggo. Ranar awo ku sa mata kujera, a bi ta ɗaki ɗaki tana faɗa ana rubutawa.

Autar Baba:
Assalamu alaikum. Yaya, ban san za ka kawo maganar nan zaure ba, amma tunda ka kawo bari in faɗi tawa, kuma ba da rashin kunya ba. Kun ce "mu mazan mun yi shawara". Mu shida ba a kira mu ba. Jiya Inna ta kira ni tana kuka, wai ta ji za a zo a auna ɗakinta. Ita a saninta duk gidan da aka shigo da tef, sayar da shi za a yi, don haka aka yi a gidan su Yaya Babba na maƙwabta. Shekararta talatin da takwas a ɗakin nan. Ni ba na ƙin a yi zane, na ma ga amfaninsa daga bayanin Anti. Amma a fara gaya wa iyayenmu dalili, kuma in an yi, kowa a ba shi kwafinsa, mace da namiji. Kada takarda ta zauna a hannun mutum ɗaya.

Abban Sadiya:
Auta, kin yi gaskiya, kuma laifina ne. Wallahi ba mu yi da nufin ware ku ba, gani muka yi sai mun san ko benen zai yiwu kafin mu tara kowa. Yau bayan isha'i zan shiga wajen Inna da Umma. Kwafi kuma kowa zai samu.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya yi muku albarka da ku duka, yadda kuka yi maganar nan a mutunce. Ina da jan hankali ta fuskar fara'id, don na ga ana shirin gini a kan abin da ba a raba ba.

Bayan biyan bashi da zartar da wasiyya in akwai, matan marigayi biyu suna tarayya a tumuni, tunda ya bar 'ya'ya. Ragowar na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. In iyayensa sun riga shi rasuwa, lissafinku mai sauƙi ne: gidan kashi 16 ne, kowace mata kashi ɗaya, kowace 'ya kashi ɗaya, kowane ɗa kashi biyu. Amma kafin wannan sai an fitar da ɗakin Gwaggo, domin kun ce mahaifinku 'yan uwansa maza ya biya. In ita ba ta sayar ba, nata gadon mahaifinta ne, ba ya cikin abin da za ku raba. A zanen a shata shi daban, da hanyar da za ta bi ta fita da haƙƙinta na banɗaki, a rubuta tana raye tana ji.

Na ga gidaje da dama da ɗaya daga cikin magada mai hali ya ɗora bene da kuɗinsa bisa yardar baki. Shekara goma sai a zo gaban alƙali, shi yana cewa sama tasa ce, su suna cewa ƙasan da ta ɗauke ta na kowa ne, shaidun kuma sun rasu. Zane yana taimakon alƙali da masu ƙiyasta kuɗi ƙwarai, amma ku sani faɗi ba shi ne daraja ba. Zauren da ke bakin hanya, wanda za a iya mayarwa shago, ba ɗaya yake da ɗakin ƙurya ba ko da awonsu ɗaya. Ku fara sanin kason kowa, ku rubuta wa zai kashe nawa kuma me zai mallaka, kowa ya sa hannu gaban shaidu, sannan a sayi siminti.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan haka abin yake. Gidajen Birni da na Zango na kakanni ba su da wani zane, sai sababbin unguwanni da aka yanka fuloti, su ne ake neman izinin gini a ofishin magajin gari. Abin da zan ƙara: ku tsaya kan ma'auni guda. Wani ɗan uwana ya aiko awo daga Kano da ƙafa, magininmu ya karanta da mita, sai da aka yi gardama kafin a gane. A rubuta a jikin takardar ko da me aka auna.

Maman Ilham:
Wannan gaskiya ne, mu da mita muke zane, birkiloli da ƙafa da inci suke magana, sai an riƙa fassarawa.

Malam Abban Sadiya, ina da roƙo a kan zauren kakanku. Ko me za ku yi, a auna shi da kyau, har da yadda aka ɗaure rufin. Azara daga giginya ake fasa ta, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar faɗi mai yawa, wajen mita biyu ne. Shi ya sa maginan da suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga, suna jera azara gaɓa gaɓa har su rufe soro mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu da wannan hikimar aka yi shi. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya yi shekaru yana bin irin waɗannan gine-gine yana aunawa yana zanawa, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin. Ina kawo wannan ne don ka ga auna ginin da ya riga ya tsaya ba ƙaramin aiki ba ne. Masu iya ɗaurin nan suna ƙarewa. Duk soron da ya faɗi ba a zana shi ba, ya tafi kenan.

Oga Birkila:
A nan kam ina bayanki Hajiya. Kakana magini ne, da tubali da makuba ya yi aiki, ni ban gaji ko rabin abin da ya sani ba. In zauren bai tsage ba kada a taɓa shi. A gyara indararo, a yi masa yaɓe kafin damina, zai kai jikokinku.

Abban Sadiya:
Jama'a assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan sati uku, don na ga wasu suna tambaya ta akwatin saƙo.

Ɗan Funtuwa, Allah ya biya ka. Umma ce ta fito da wata jakar fata daga cikin adakarta, ta ce Baba ya ba ta ajiya tun da daɗewa. A ciki akwai zane, shuɗi kamar yadda ka faɗa, an rubuta 1986, da tambarin hukuma. Ɗakuna huɗu ne a jiki da banɗaki ɗaya. A ƙasa yanzu ɗakuna tara ne. Ko huɗun ma, biyu sun fi na takarda tsawo, kuma ƙofar da aka zana tana kallon kudu, a gida gabas take kallo.

Mun ɗauki mai zane, mace ce, saboda iyayenmu su sake. Kwana biyu ta yi da yaranta biyu. Gwaggo ta zauna a kujera kamar yadda Hajiya Babba ta ce, kuma ba don ita ba da mun yi kuskure babba. Ta nuna mana rijiyar kakanmu, tana ƙarƙashin siton da muke ajiye buhunan hatsi, an rufe ta da faranti na kankare aka yi daɓe a kai. Ni an haife ni a gidan nan ban sani ba. Nan ne daidai inda muka so a fara matattakala. Ta kuma ce bangon yamma na maƙwabtanmu ne, kakanmu jingina ya yi da izini, kuma dattijon gidan ya tabbatar.

Injiniya ya sa an haƙa wuri uku. Ɗakuna huɗun farko fandishonsu da dama-dama, na baya kuwa bulo inci shida ne a kan ɗan kankare, babu fila ko ɗaya. Ya ce bene zai yiwu a gefen gabas kaɗai, da sababbin filoli, ɗaki uku ko huɗu, ba takwas da muka ƙudurta ba. Wannan ya sauya lissafi, domin ba zai ishi kowa ba. Biyu daga cikin ƙannena mata sun ce a ƙiyasta kasonsu a biya su, Auta ta ce ita nata yana nan. Ranar Asabar za mu zauna da malami da mai unguwa. Zaure ba za a taɓa shi ba, wannan kowa ya yarda.

Baba Safiyo:
Madalla. Tsohon na 1986 kada ku bar shi a rana ko a jikin bango, irin wannan bugun haske yana cinye shi. A ɗauki hotonsa da na'ura a shagon masu buga zane, a mayar da shi jakarsa. Sabon kuma ku karɓa iri biyu, na takarda da na kwamfuta, kuma a tabbata an sa rijiyar da sunan mai bangon yamma a jiki, da kwanan wata.

Injiniya Abu Amir:
Rijiyar kuma kada a bar ta haka. A buɗe a ga ko da ruwa ko an cike ta. In rami ne a ƙarƙashin farantin, a kwashe buhunan nan daga kai tun yanzu.

Autar Baba:
An kwashe jiya, Injiniya, sun koma shigifa. Yaya, kwafi goma sha uku ne ba goma sha biyu ba, ka manta da na Gwaggo. Inna kuma ta ce a rubuta sunanta a kan ɗakinta da manyan baƙaƙe, yadda za ta iya gani ba tabarau.

Abban Sadiya:
An gyara, sha uku. Zan karɓo su ranar Juma'a bayan masallaci in Allah ya yarda, in biyo ta gidanki da naki.